Kwaɗi a Fagen Kokowa: Sharhi a kan Finafinan Zane da na Tsana na Moustapha Alassane

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2024 hukumomin Nijar sun sauya wa cibiyar al'adu ta haɗin guiwar Faransa da Nijar da ke Yamai suna. Da can tana ɗauke da sunan Jean Rouch, aka mayar da ita cibiyar Moustapha Alassane. Sunan mutumin ya hau bango ke nan, sai dai aikinsa bai shiga aji ba tukuna. Mun sha tambayar ɗalibanmu na darasin adabin baka ko sun taɓa kallon fim ɗinsa ko da guda. Akasari amsar da muke samu ita ce sun san sunan, ba su san fim ɗin ba.

Manufar wannan takarda ita ce ta yi sharhi a kan uku daga cikin gajerun finafinansa, wato Bon voyage Sim (1966), da Samba le grand (1977), da kuma Kokoa. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa waɗannan ayyuka suna da gurbi a nazarin adabin ƙasar Hausa, domin zubinsu da salonsu daga tatsuniya da habaici da wasan kokowa suka samo tushe. Ba da asalin mai aikin muke kafa hujja ba, da aikin kansa muke kafawa. Za mu kuma faɗi inda muke ganin finafinan sun gaza, sannan mu kawo dalilan da suka sa manazarta Hausa suka tsallake su.

2.0 Matsalar suna

Kafin a yi sharhi a kan abu sai an san yadda za a kira shi. Hausa tana da kalmomin aro da dama a wannan fage. Akwai majigi, wadda ta samo asali daga sunan Ingilishi na fitilar haska hotuna, kuma ita ce aka riƙa kiran silimar da Turawan mulki ke yawo da ita gari-gari a Arewacin Najeriya. Akwai silima ko sinima, akwai kuma fim. Game da irin finafinan da muke magana a kansu, mutanen Najeriya kan ce katun, mu kuma a nan Nijar bakinmu ya saba da desan anime, daga Faransanci.

Duka kalmomin biyu suna da naƙasu. Katun tana tafe da ma'anar abin yara, abin da babba ba zai zauna ya kalla ba. Ita kuwa ta Faransanci zane kawai ta ambata, alhali biyu daga cikin finafinai ukun nan da ƴaƴan tsana aka yi su. Fassara kalmar Faransanci ta gaba ɗaya, wadda tushenta na Latin ke nufin rai, za ta kai mu ga “rayarwa”, kuma kowane Bahaushe ya san wa ke da rayarwa. Kalmar za ta jawo gardamar da ba ta da alaƙa da aikin. Saboda haka a wannan takarda mun zaɓi “fim ɗin motsarwa”. Aikatau “motsar da” yana aji na biyar a tsarin Parsons, ajin da ke nuna wani ya sa wani abu ya aikata. Abin da mai wannan sana'a ke yi ke nan: yana sa abin da ba ya motsi ya motsa. Ƙarƙashin wannan suna sai mu rarrabe zane mai motsi da tsana mai motsi.

3.0 Mai aikin da yanayin aikinsa

An haifi Moustapha Alassane a 1942, ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015. Kanikanci ya fara koya. Tun yana yaro yakan haɗa wasan inuwa da fitila yana nuna wa mutane, tun kafin ya san yadda ake ɗaukar fim. A Yamai ya yi aiki a cibiyar bincike ta IFAN, inda ya haɗu da Jean Rouch, daga nan kuma ya sami tafiya Kanada, zuwa hukumar finafinai ta ƙasar da ke Monreyal. A can ya ga aikin Norman McLaren, mutumin da ya shahara da yin zane kai tsaye a kan zaren fim. Fim ɗin Alassane mai suna La Mort de Gandji (1965), wanda shi ma labarin fadar kwaɗi ne, ya sami kyauta a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. Ya yi finafinan mutane kuma, kamar Aouré (1962), da Le Retour d'un aventurier (1966), da F.V.V.A. (1972), da Toula (1973). Ya shugabanci sashen silima na Jami'ar Yamai shekara 15, daga baya ya zauna a Tawa, inda ya ci gaba da aiki har ya koma amfani da kwamfuta.

Ya kamata mai karatu ya san nauyin wannan sana'a kafin ya yanke mata hukunci. Fim yana gudu da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Fim na minti 5 yana da hoto 7,200 ke nan. Ko da mai aikin ya ɗauki kowane zane sau biyu don rage wahala, sai ya tanadi zane 3,600. Idan tsana ce, sai ya ɗan gusa hannunta, ya ɗauki hoto, ya sake gusawa, ya sake ɗauka. Iska ta kaɗa ko fitila ta sauya haske, aikin yini ya lalace. A manyan kamfanonin Amurka ɗaruruwan ma'aikata ke raba wannan aiki. Alassane kuwa shi ne mai zane, shi ne mai ɗinkin tsana, shi ne mai gyaran na'ura. Bayan haka, a wancan zamani finafinan ƙasashenmu sai an aika da zarensu Turai a wanke kafin mai aikin ya ga abin da ya ɗauka.

Akan kira shi uban fim ɗin motsarwa na Afirka. Wannan magana tana bukatar gyara. A Masar ƴan'uwan nan Frenkel sun fito da tauraronsu Mish Mish Effendi tun a shekarun 1930, kuma a Kwango ta mulkin Beljiyam Turawan mishan sun shirya Les Palabres de Mboloko a shekarun 1950. Abin da ya dace a ce shi ne Alassane na sahun farko na ƴan Afirka ta kudu da Sahara da suka riƙe wannan sana'a da hannunsu, suka faɗi abin da suke so da ita.

4.0 Sharhin finafinan

4.1 Bon voyage Sim: habaici da zane

Fim ne na kusan minti 5, baƙi da fari, zanensa ba ado. Sim, shugaban jamhuriyar kwaɗi, ya sami gayyata daga takwaransa na maƙwabciyar ƙasa. Aka raka shi filin jirgi, ya tashi, aka tarbe shi da girmamawa, aka yi masa fareti. Labarin ke nan. Wanda ya san labaran hotuna da gwamnatocin shekarun 1960 ke nunawa a silima zai gane cewa tsarinsu ne aka ɗauko ɗungurungum, aka cire mutane aka zuba kwaɗi.

A nan ne dabarar take. A adabin baka mun san bambancin zambo da habaici. Zambo yakan kama suna ko ya siffanta mutum yadda ba a shakka, habaici kuwa yakan bar ƙofa a buɗe, wanda ya tsargu shi ya sani. Alassane bai zagi kowa ba, bai kuma ƙara wa bikin komai na ƙarya ba. Sauya jikin masu bikin kaɗai ya yi. Kwaɗo dabba ce mai kumbura wuya da yawan ƙara, ga shi ba ƙaho ba farce. Da zarar an sa masa rigar shugaban ƙasa, kowane taku na girma ya zama abin dariya. Wurin da ya fi kaifi shi ne na faretin soja, inda ake ganin runduna tana wucewa ba iyaka, sai ta bayyana cewa sojojin a kan wani gangan mai juyawa suke taku. Wannan hoto yana da ma'ana biyu. Yana tona asirin mulkin da ƙarfinsa na nuni ne kawai, yana kuma tona asirin sana'ar kanta, domin maimaita zane ƙalilan a jere ita ce dabarar da kowane mai fim ɗin motsarwa ke rage aiki da ita. Talaucin kayan aiki ya zama makamin habaici ke nan.

Shekarar fim ɗin ma abin lura ce. A watan Janairu na 1966 soja suka kifar da gwamnati a Haute-Volta da Najeriya. Ranar 24 ga Fabrairu aka hamɓarar da Kwame Nkrumah yana kan hanyar tafiya Hanoi. Ƙarshen da Alassane ya fara tsarawa, inda Sim zai dawo ya tarar an kifar da mulkinsa, bai fito a fim ɗin 1966 ba. Sai a 2001 ya koma wa labarin da Adieu Sim. A tsakanin finafinan biyu Nijar ta ga juyin mulki a 1974 da 1996 da 1999. Duniya juyi-juyi, wai kwaɗo ya faɗa ruwan zafi.

Inda muke ganin fim ɗin ya rage shi ne habaicinsa a kan fada kaɗai ya tsaya. Talakan kwaɗo taron ƴan kallo ne, ba shi da fuska ba shi da magana. Tatsuniya kan ba ƙaramar dabba damar rama wa kanta, kamar yadda Gizo ke yi wa zaki da kura. A jamhuriyar Sim babu Gizo.

4.2 Samba le grand: gatana da bakin wani

Wannan fim na launi ne, da ƴaƴan tsana, tsawonsa kusan minti 14. Jarumi Samba ya nemi auren wata gimbiya, ta riƙa ɗora masa sharaɗi bayan sharaɗi, yana cikawa, har aka kai inda mutuwa ce kaɗai ta haɗa su. Zubin sananne ne ga duk wanda ya yi hirar dare wurin kaka: nema, sharaɗi, nasara, sabon sharaɗi. Maimaitawa ita ce ƙashin bayan labarin, kuma tsana ta dace da shi, domin tauraron tatsuniya ba ya sauya hali, kamar yadda fuskar tsana ba ta sauyawa. Ƙasar Hausa ma ba baƙuwar wannan wasa ba ce, tunda muna da ɗiyan dabo tun kafin zuwan silima. Tufafin tsanar da dawakin da gine-ginen sun nuna idon mutumin da ya san kayan ƙasarsa ciki da waje.

Matsalarmu da wannan fim ta harshe ce. Da Faransanci ake ba da labarin. Mai gatana yana da kayan aiki da ba sa tsallaka fassara: buɗewa da rufewa, sauya murya, kirari, waƙar da masu saurare ke amsawa, da kalmomin nan masu kwaikwayon motsi irin su tinƙis-tinƙis da fiu da rigijib. Waɗannan kalmomi su ne fim ɗin motsarwa na baka, domin da su mai magana ke sa a ga tafiya da faɗuwa. Abin mamaki ne a ce fim ɗin da ya fi kusa da tatsuniya a zubi shi ya fi nisa da ita a murya. Ido yana gida, kunne yana lakkwal. Ba mu ɗora laifin duka a kan Alassane ba, domin kuɗin aikin da wuraren nunawa ta hanyar Faransanci suke zuwa. Amma sharhi ba zai ɓoye cewa yaron ƙauye da bai shiga makaranta ba rabin wannan fim aka ba shi.

4.3 Kokoa: harshen jiki

Sunan wannan fim kansa darasi ne. Kalmar kokowa ce, yadda muke furta ta a Nijar, ba kokawa ta Kananci ba, aka rubuta ta da ƙa'idar Faransanci, harafin “w” ya faɗi tsakanin wasula biyu. Haka aure ya zama Aouré. Wanda ya nemi fim ɗin da rubutun Hausa a kundi ba zai same shi ba. Kundayen ma ba su daidaita a kan shekararsa ba, wasu na rubuta 1985 wasu 2001.

Tsawonsa kusan minti 13 ne. Gasar kokowa ce a garin kwaɗi, da ƴan kallo da makaɗa da alƙalin wasa, ƴan kokowar kuma dabbobi ne: kwaɗo da hawainiya da tsuntsu. Fagen da aka kwaikwaya sananne ne. Tun 1975, lokacin da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, wadda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ci, kokowa ta zama wasan da ya fi kowane tara jama'a a Nijar. Filin kokowa na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi.

A wata kaka muna Dakoro muna tattara kalmomin kokowa daga bakin tsofaffin ƴan wasa, sai muka nuna wannan fim a kwamfuta cikin zaure bayan sallar isha'i. Abin da muka gani ya sauya ra'ayinmu game da shi. Da muna ɗaukarsa mafi rauni cikin ukun, saboda ba shi da labari sai karo bayan karo. Mutanen zauren ba su nemi labari ba. Nan take suka rabu gida biyu, kowa da gwaninsa. Aka yi gardama a kan wani kaye, ko ya cika ko bai cika ba, har sai da muka mayar da fim ɗin baya. Wani dattijo da ya yi kokowa a ƙuruciyarsa ya shiga yi wa kwaɗon kirari daga bakinsa, yana cike abin da yake ganin an bari. Da aka gama ya ce mana, Malam, wanda ya ɗinka waɗannan abubuwa ya daɗe a bakin fage. Wani saurayi kuwa ya ɗauka aikin Sinawa ne. Babu ko ɗaya a zauren da ya san sunan Alassane, alhali Dakoro tana iyaka da jihar Tawa, kuma da yawa daga mutanenta Adarawa ne.

Abin da muka fahimta shi ne kokowa tana da nata nahawu: zagaye, neman kamu, riƙo, yaudara, kaye. Kowane karo jimla ce cikakkiya ga wanda ya iya karatunta. Alassane ya rubuta wannan nahawu hoto bayan hoto, da ƙyalle da waya, har ma'abota wasan suka karanta ba tare da tafinta ba. Zaɓen dabbobin ma yana da ma'ana, domin kowace jikinta na tuna wani irin ɗan kokowa: mai ƙirji, mai sanɗa da riƙo, mai dogayen ƙafafu. Barkwancin fim ɗin kuma irin na cali-cali ne, masu kwaikwayon ƴan kokowa a fage don ba jama'a dariya, kwaikwayon da ba ya yiwuwa sai ga wanda ya san wasan. Cikin finafinan uku wannan ne muke ganin ya fi cika, domin shi ne bai bukaci aron bakin kowa ba.

5.0 Me ya sa aka tsallake su?

Dalili na farko ma'aunin tarihin silimar Afirka ne. Dogon fim na mutane shi ake ƙirgawa. Idan aka zo kan Nijar, Oumarou Ganda ake fara ambata, wanda Le Wazzou polygame nasa ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972. Shi kansa Alassane an fi tuna shi da fim ɗinsa na kaboyi. Fim na minti 5 sai ya zama kamar ɗan rakiya. Haka abin ya sami Jean-Michel Kibushi na Kwango, wanda shi ma ya ɗauko kwaɗo daga tatsuniyar mutanensa a Le Crapaud chez ses beaux-parents a farkon shekarun 1990.

Dalili na biyu namu ne, mu manazarta Hausa. Mun saba auna “fim ɗin Hausa” da harshen da ƴan wasa ke magana da shi. Da wannan ma'auni tarihin kan taso daga irin su Shehu Umar na Adamu Halilu (1976), ya biyo ta Turmin Danya (1990) zuwa kasuwar bidiyo ta Kano. Fim ɗin da sunansa Hausa ne, fagensa na ƙasar Hausa ne, salonsa na adabin bakanmu ne, sai ya faɗi ta tsakanin yatsu saboda takardunsa da Faransanci suke. Iyakar da Turawa suka shata tsakanin Maraɗi da Katsina ta ratsa har cikin ɗakunan karatunmu.

Dalili na uku na ajiya ne. Zaren fim ba ya jure zafi da ƙura, kuma na'urorin haska shi sun ɓace daga garuruwanmu. Kwafe masu kyau a ƙasashen waje suke. A 2009 Maria Silvia Bazzoli da Christian Lelong suka yi fim a kan rayuwar Alassane, a 2017 kuma gidan adana fasahar zamani na MoMA da ke Amurka ya shirya nunin ayyukansa. Abin godiya ne, sai dai ya nuna cewa ɗalibin da ke can ya fi ɗan Dakoro sauƙin ganin kwaɗin Tawa.

6.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa Sim habaici ne da aka zana, Samba gatana ce da aka ba wani harshe, Kokoa kuma kokowa ce da aka rubuta da tsana. Mun kuma nuna raunin biyun farko. A 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Irin wannan matsayi yana bukatar kayan da za a koyar da kuma kalla, ga kuma wasu a ajiye an manta da su.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, sassan harsuna da adabi su shigar da waɗannan finafinai cikin darasin adabin baka, kusa da tatsuniya da kirari. Ta biyu, a tsara kundin ayyukan Alassane da rubutu biyu, na Faransanci da na daidaitacciyar Hausa, domin mai neman kokowa ya tarar da Kokoa. Ta uku, da izinin iyalansa da masu haƙƙi, a yi wa Samba le grand murya da Hausa da Zabarmanci, kuma aikin a ba masu gatana da maroƙa na ainihi, mu malamai mu tsaya ga rubutawa da tantancewa. Dattijon nan na Dakoro ya riga ya gwada yadda za a yi, ba tare da kowa ya roƙe shi ba.